Sayi Kasuwar Gaba Ɗaya, Rage La'ada: Shawara Ga Mai Ƙaramin Jari

Gaisuwa ta musamman ga 'yan gwari da dillalai da masu dako na kasuwar Farin Gada, da direbobin da ke kwana a hanya da lodin tumatir da kabeji da karas, da ma'aikata da ɗaliban Jami'ar Jos da ke maƙwabtaka da su. Shirinmu na yau a kan ɗan abin da ke saura a hannu ne bayan an ci an sha, an biya kuɗin haya da na makaranta, an cike jarin sana'a. Ko naira dubu biyar ce a wata, ko dubu hamsin, tambayar ɗaya ce: a ina mutum zai ajiye ta har shekara goma ba ta lalace ba? Amsar da zan kafa wa hujja ita ce, mai ƙaramin ƙarfi da ke son shiga kasuwar hannun jari ya bar wahalar da kansa wajen neman kamfanin da zai yi zarra, kada kuma ya biya wani kuɗi mai yawa don ya nema masa. Ya sayi ɗan kaso a cikin manyan kamfanonin kasuwar gaba ɗaya, ta hanyar asusu mai rajista wanda kuɗin kulawarsa ba shi da yawa, sannan ya yi haƙuri. Dalili shi ne babu wanda ya san ribar gobe sai Allah, amma abin da za a riƙa yanka a dukiyarka kowace shekara a rubuce yake tun yau, kuma zaɓinsa a hannunka yake.

Bari mu fara da dalilin da ya sa barin kuɗi a zaune ya zama asara. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar da cewa a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'anarsa, kayan da naira 100,000 ta saya a ƙarshen 2023, a ƙarshen 2024 sai an ba da kusan naira 135,000. A daidai wannan lokacin, abin da bankuna ke bai wa mai asusun ajiya bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, wanda kuma ya ƙi karɓar kuɗin ruwa saboda addininsa ko wannan ɗin bai samu ba. Darajar naira ma haka: kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Adashi yana da amfani sosai, yana koya wa mutum tari, yana kuma fitar da shi kunya ranar biki ko ranar biyan haya, amma abin da ka zuba shi za ka kwasa, kuma wanda kwasarsa ta zo a ƙarshe kuɗin da ƙarfinsu ya ragu zai karɓa. Saboda haka neman inda kuɗi za su haihu ba kwaɗayi ba ne, kare gumin mutum ne.

Wannan matsin ne mayaudara ke amfani da shi. MMM ta yi wa mutane alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun jama'a a Disambar 2016. CBEX ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta ruguje a watan Afrilun 2025, ta bar mutane da kuka. Sabuwar dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu irin wannan damfara, amma ɗaure ɓarawo ba ya dawo da dukiyar da ta salwanta. Abin da za a riƙe shi ne, waɗannan ba su da masana'anta, ba su da gona, ba su da kayan da suke sayarwa. Kuɗin sabon shiga ake biyan tsohon shiga da shi har ranar da sabbi suka ƙare. Hannun jari na gaskiya daban yake. Wanda ya sayi hannun jarin kamfanin siminti ya mallaki ɗan yanki ne na masana'antar da ke yin buhunan da ake sauke wa a shagunan titin Bauchi, kuma idan kamfanin ya ci riba a ƙarshen shekara, ana ba shi rabonsa daidai da kasonsa.

Kasuwar da ake wannan ciniki a Najeriya an kafa ta a Legas a 1960, ta fara aiki a 1961, yau kuma ana kiranta NGX. Don a san ko kasuwar ta hau ko ta sauka, ana da ma'auni, wato lissafi ɗaya da ke tattara farashin kamfanoni da yawa, kowanne gwargwadon girmansa. Babban ma'aunin da ya ƙunshi dukkan kamfanoni an fara shi a Janairun 1984 da maki 100, ya kuma haura maki 100,000 a Janairun 2024. Kada wannan ninki dubu ya ruɗi mai sauraro, domin kaso mai yawa na hawan faɗuwar darajar naira ce. Amma ya nuna abu ɗaya: farashin kamfanoni yana bin tsadar rayuwa yana hawa, kuɗin da ke ƙarƙashin katifa kuwa yana nan yadda aka bar shi. Akwai kuma ƙaramin ma'auni mai suna NGX 30, wanda ya ƙunshi kamfanoni 30 mafiya girma da yawan ciniki. Asusun bin ma'auni aikinsa ɗaya ne tak. Yana tara kuɗin jama'a, ya sayi hannayen jarin kamfanonin da ke cikin jerin daidai da nauyin kowanne, ya zauna. Ba ya hasashe, ba ya neman sirri, ba ya saye da safe ya sayar da yamma. Idan kasuwa ta hau kashi 20, shi ma ya hau kusan haka. Idan ta faɗi, ya faɗi tare da ita.

To, me zai hana mutum ya zaɓi kamfani ɗaya ko biyu da ya amince da su? Tarihinmu na kusa ya ba da amsa. A 2004 gwamnan Babban Banki, Farfesa Charles Soludo, ya umurci bankuna su ɗaga jarinsu daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. Bankunan suka fito neman kuɗi wurin talakawa, malaman makaranta da 'yan kasuwa da 'yan fansho suka yi layi suna sayen hannun jari, wasu ma da bashin da bankin ya ba su. Sunayen da aka fi yarda da su a lokacin su ne irin su Intercontinental da Oceanic da Afribank da Bank PHB. A watan Agustan 2009 magajin Soludo, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, ciki har da na Intercontinental da Oceanic da Afribank. A Agustan 2011 aka karɓe lasisin Afribank da Bank PHB da Spring Bank, masu hannun jarinsu suka tashi a tutar babu. Waɗannan mutane ba wawaye ba ne. Sun sayi abin da kowa ke yabo, abin da jaridu ke bai wa lambar girmamawa. Littattafan cikin bankin ne ba su gani ba, kuma mutumin da ke Farin Gada yana sauke lodi tun asuba ba shi da hanyar ganinsu. Wanda ya riƙe kamfani ɗaya, mutuwar kamfanin mutuwar jarinsa ce. Wanda ya riƙe talatin, idan ɗaya ya mutu ana cire shi daga jerin a sa wani, kamar yadda Dangote Cement ya shigo kasuwa a 2010, MTN Nigeria da Airtel Africa a 2019, BUA Foods a 2022, suka zama manyan ginshiƙanta.

Wani zai ce, tun da ni ban iya zaɓe ba, sai in ba ƙwararre ya zaɓar mini. A nan ne hujja mafi ƙarfi take, kuma lissafi ce zalla, wadda masanin tattalin arziki William Sharpe, mai lambar Nobel, ya shimfiɗa a 1991. Duk hannun jarin da ke kasuwa yana hannun wani. Idan aka haɗa ribar dukkan masu riƙe da su, ita ce ribar kasuwa, ba ƙari ba ragi. Wanda ya sayi kasuwar gaba ɗaya ya samu ribar kasuwa. Sauran kuma, masu zaɓe da canje-canje, idan aka tara su wuri ɗaya su ma ribar kasuwar za su raba, don haka duk wanda ya zarce a cikinsu, wani ne ya gaza da daidai wannan adadin. Sai dai masu zaɓe suna da ɗawainiya: albashin manazarta, hayar ofis, la'adar yawan saye da sayarwa, kuma duk daga aljihun mai jari ake cirewa. Bayan an cire, matsakaicinsu dole ya koma ƙasa da na wanda ya zauna bai kashe komai ba. John Bogle, wanda ya kafa kamfanin Vanguard a Amurka, shi ya fara buɗe wa talakawa irin wannan asusu a 1976. Ya sa ran tara dala miliyan 150, abin da ya samu bai wuce miliyan 11 da 'yan kai ba, masu kasuwa suka riƙa kiran abin wautar Bogle. Yau irin wannan asusu na riƙe da tiriliyoyin daloli. Attajiri Warren Buffett ya ƙalubalanci ƙwararru a kan dala miliyan 1 cewa asusun bin ma'aunin S&P 500 na Amurka zai doke zaɓaɓɓun asusunsu masu tsada cikin shekara 10. Daga 2008 zuwa 2017 nasa ya ƙaru da kusan kashi 126 cikin ɗari, nasu kuma a matsakaici da kusan kashi 36. Rahotannin da kamfanin S&P ke fitarwa tun 2002 suna nuna cewa idan aka auna shekara 15, kusan tara cikin goma na manajojin da ke zaɓen manyan kamfanonin Amurka suna bayan ma'auni.

Yanzu mu tsaya a kan maganar la'ada, don ita ce zuciyar shirin. Kowa a Farin Gada ya san dillali: manomi ya kawo kwandunan tumatir, dillali ya sayar, ya ɗauki la'adarsa sau ɗaya, kowa ya kama gabansa. Manajan asusu ba haka yake karɓa ba. Shi nasa kason kowace shekara ne, a kan dukiyar gaba ɗaya, uwar kuɗi da ribar da ta taru, ko an ci riba a shekarar ko an faɗi. Shi ya sa kashi 2 ko 3 cikin ɗari da ke da ƙanƙanta a kunne yake da girma a aljihu. Ga misali, kuma misali ne kawai don lissafi, ba alkawari ba. A ce mutum biyu kowanne ya zuba naira 100,000, kasuwa kuma ta riƙa ba da kashi 15 cikin ɗari duk shekara har shekara 20. Na farko ana cire masa kashi 1 a shekara, na biyu kashi 3. A ƙarshe na farko zai tarar da kusan naira 1,374,000, na biyu kusan naira 965,000. Bambancin ya kai kusan naira 410,000, wato ninki huɗu na abin da aka fara zubawa. Kasuwarsu ɗaya, haɗarin da suka ɗauka ɗaya, haƙurinsu ɗaya, amma na biyu ya rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da na farko ya tara, saboda kuɗin kulawa. Asarar ta yi wannan girma ne saboda kowace naira da aka yanka a shekarar farko ta tafi tare da duk abin da za ta haifa a shekaru 19 masu zuwa.

Irin wannan asusu akwai shi a ƙasar nan, ana kuma saye da sayar da shi a NGX kamar kowane hannun jari, ana kiransa ETF. A 2014 aka shigar da Vetiva Griffin 30 da Stanbic IBTC ETF 30, dukansu suna bin ma'aunin NGX 30. A shekarar ce kuma aka shigar da Lotus Halal Equity ETF. Ban ambaci waɗannan sunaye don talla ba, sai don mai sauraro ya san abin da zai tambaya idan ya je wurin dillalin hannun jari, ya kuma kwatanta kuɗin kulawar kowanne da idonsa.

Amma akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa. Na farko zai ce araha ba ta ado, abin da ke da sauƙin kuɗi ai ba shi da inganci. A wajen atamfa ko takalmi wannan gaskiya ne. A nan kuwa hajar iri ɗaya ce: hannun jarin MTN da ke cikin asusu mai tsada shi ne dai wanda ke cikin mai araha, ribarsa ba ta ƙaruwa don an biya manaja da yawa. Wani kuma zai ce hujjojin nan na Amurka ne, kasuwarmu ƙarama ce, labari ba ya yaɗuwa da sauri, don haka mai wayo zai iya doke ma'auni. Haka ne, wasu za su doke shi, kuma a kowace shekara akan samu waɗanda suka yi. Amma lissafin Sharpe bai san iyakar ƙasa ba. A Legas ma, ribar mai zarra daga asarar wani take fitowa. Tambayar da mai ƙaramin jari zai yi wa kansa ita ce, a kasuwar da wasu ke jin labari kafin wasu, shi a wane ɓangare zai faɗo? Kuma ta yaya zai gane gwanin shekaru goma masu zuwa tun yau, alhali gwanin bara sau da yawa shi ne na baya a bana? Inda masu sirri suka yi yawa, nan ne ya fi dacewa marar sirri ya ƙi shiga gasar zaɓe.

Ja na biyu ya fi nauyi, kuma ba daidai ba ne a ɓoye shi. A farkon Maris na 2008 babban ma'aunin kasuwarmu ya haura maki 66,000. Shekara ɗaya bayan haka ya faɗo zuwa kusan 20,000, kuma bai sake taka wancan matsayi ba sai a watan Agustan 2023. Shekara 15 ke nan. Wanda ya zuba dukiyarsa duka a ƙololuwar nan ya sha wuya, ko da kasuwar gaba ɗaya ya saya, kuma hauhawar farashi ta ci ƙarfin kuɗinsa a tsakani. Asusun bin ma'auni ba ya kare mutum daga faɗuwar kasuwa, duk wanda ya ce yana karewa ya yi ƙarya. Sai dai a lura da abu uku. Ma'aunin farashi kawai yake ƙirgawa, bai haɗa da rabon ribar da kamfanoni suka riƙa biya a waɗannan shekaru ba. Sannan kasuwar ta dawo, hannun jarin Afribank kuwa bai dawo ba. Na uku, wanda ya riƙa zuba ɗan kaɗan kowane wata ya sayi mafi yawan kasonsa ne a shekarun araha, har da watan Afrilun 2020 lokacin annobar korona, da ma'aunin ya sake komawa kusa da 20,000, kafin ya rufe shekarar da ƙarin kusan kashi 50 cikin ɗari. Darasin 2008 ƙa'idoji ne guda uku: kada a zuba a dunƙule don an ga kowa na zubawa, kada a ci bashi a sayi hannun jari, kada kuma a sa kuɗin da za a buƙata nan da shekara biyar. Kuɗin asibiti da na auren 'ya da jarin damina mai zuwa, wurinsu daban.

Ja na uku na addini ne, kuma da yawa daga cikin masu sauraronmu shi ne farkon abin da za su tambaya. Ma'aunin NGX 30 ya ƙunshi bankunan da ke mu'amala da kuɗin ruwa da kamfanonin giya, kuma Musulmin da ke gudun riba ba zai so ya mallaki kaso a cikinsu ba, haka ma Kiristan da ba ya son dukiyarsa ta shiga harkar barasa. Saboda wannan ne a 2012 kasuwar ta haɗa kai da kamfanin Lotus Capital, wanda Hajiya Hajara Adeola ta kafa, aka fito da ma'aunin da ke tace kamfanoni bisa ƙa'idojin shari'a, yana fitar da masu harkar ruwa da giya da taba da caca da waɗanda bashin ruwa ya yi wa yawa. Asusun Lotus da na ambata wannan ma'auni yake bi. Gaskiyar da za a faɗa ita ce kamfanonin cikinsa ba su kai talatin ba, don haka rarrabuwar haɗarinsa ta fi ƙanƙanta. Mai son ƙarin kwanciyar hankali yana iya haɗawa da sukuk na Gwamnatin Tarayya, wanda aka fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 don gyaran hanyoyi. Maganar zakka a kan hannun jari kuma, a kai ta gaban malamin da ya san fiƙihun ciniki.

Ja na huɗu daga bakin ɗan kasuwa zai fito: Malam, jarina a gwari yana juyawa sau da yawa a wata, wane hannun jari zai ba ni haka? In kuma na samu rara, fili zan saya. Gaskiya ne, sana'ar da mutum ya iya ita ce farkon wurin da kuɗinsa ya kamata su shiga, babu mai cewa a rage jarin rumfa a kai Legas. Amma sana'a tana da iyakar abin da take iya ɗauka, kuma dukkan haɗarinta a wuri ɗaya yake. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da wasu jihohin Arewa, harkar ta tsaya cak. A watan Fabrairun 2002 gobara ta cinye babbar kasuwar Taminus a nan Jos, 'yan kasuwa da yawa da dukiyarsu duka ke cikin shago suka wayi gari babu komai. Fili dukiya ce mai kyau, sai dai yana buƙatar kuɗi a dunƙule, ba a iya yanko kusurwarsa a sayar ranar buƙata, ga rigimar takardu. Mu mutanen Jos kuma mun ga yadda rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 suka tilasta wa iyalai, Musulmi da Kirista, barin gidajensu ko sayar da su a wulaƙance. Allah Ya ƙara mana zaman lafiya. Hannun jari yana rubuce da sunan mai shi a ma'ajiyar CSCS, gobara ba ta cinsa, ƙaura ba ta raba mutum da shi. Wurinsa a cikin dukiyar mutum shi ne ƙafa ta uku, bayan sana'a da ƙasa.

Ja na ƙarshe a kan asusun namu na gida ne, kuma a nan dole mai saye ya buɗe ido. Ƙasashen da harkar ta bunƙasa suna da asusun da kuɗin kulawarsa bai wuce kashi 0.03 cikin ɗari a shekara ba. Namu ba su sauko nan ba. Kamfanoni ƙalilan, irin su Dangote Cement da MTN da Airtel da na BUA, sun mamaye kaso mai yawa na darajar kasuwa, don haka talatin ɗin ba nauyinsu ɗaya ba. Cinikin waɗannan asusu kuma bai da yawa a kullum, abin da kan sa farashinsu a kasuwa ya yi nisa da ainihin darajar hannayen jarin da ke ciki. Duk wannan gaskiya ne, amma maganinsa a cikin hujjarmu yake. A tambayi jimillar abin da ake cirewa a shekara, ba kuɗin manaja kaɗai ba, a kuma nemi a gani a rubuce. A duba ainihin darajar kaso ɗaya da manajan ke wallafawa, a gaya wa dillali farashin da ba za a wuce ba. A tuna cewa kowane saye da kowace sayarwa suna da la'adar dillali da kuɗin hukumomi da haraji, don haka mai yawan shiga da fita yana ƙona ribarsa da hannunsa. Wanda abin da yake tarawa a wata ƙarami ne ƙwarai yana iya haɗa na wata uku ya saya sau ɗaya.

Ga mai niyyar farawa, hanyar ba ta da tsawo. Malam ko Hajiya, a fara da tabbatar da cewa dillalin ko manhajar wayar da za a yi amfani da ita tana cikin jerin masu rajista na hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, jerin kuma yana shafinta na intanet, ɗa ko jika zai iya dubawa cikin 'yan mintoci. Za a nemi lambar BVN da shaidar zama ɗan ƙasa, a buɗe asusun CSCS da sunan mutum kansa, ba da sunan wakili ba. A cike takardar da za ta sa rabon riba ya riƙa faɗawa kai tsaye cikin asusun banki, domin rabon da masu shi ba su karɓa ba a ƙasar nan ya haura naira biliyan 100, kuma wani ɓangarensa na mamatan da iyalansu ba su san da dukiyar ba ne. Saboda haka a sanar da mata ko miji da manyan 'ya'ya, a ajiye takardu inda magada za su same su. Rabon ribar da ya shigo, in ba a matse ba, a mayar da shi a ƙara saye. Duk kuma wanda ya ambaci tabbatacciyar riba ta wata-wata, ko ya ce sai ka kawo mutum biyu kafin a biya ka, a tashi a bar masa wurin.

Jama'a, wannan hanya ba za ta mai da kowa attajiri a shekara ɗaya ba, kuma za a ga shekarun da lissafi zai koma baya. Abin da take bayarwa shi ne rabon mutum na gaskiya daga ribar manyan kamfanonin ƙasarsa, waɗanda yake sayen simintinsu da sukarinsu da katin wayarsu kullum, ba tare da ya miƙa kusan sulusin wannan rabo ga masu kula ba, ba kuma tare da ya jingina tsufansa a kan sunan kamfani ɗaya ba. Kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka tambayi abu uku: wa ya ba ku rajista, me za ku saya da kuɗina, nawa za ku riƙa cirewa a shekara? Wanda ya amsa su a fili, a zauna da shi. Wanda ya fara kwana-kwana, a riƙe kuɗi a aljihu. A nan za mu dakata a shirinmu na yau. Allah Ya sa albarka a nema, Ya tsare mu daga asara.